Libarba mai cin harsashin shotgan: ta dace da tsaron gida kuwa?

Wani ɗan uwa ne ya turo tambaya daga Houston a jihar Texas. Ya ce shi direban babbar mota ne, yakan yi kwana huɗu biyar a hanya, gida daga uwargida sai yara biyu, kwanan nan aka fasa gidan maƙwabcinsu. Ya je shagon bindiga an nuna masa Taurus Judge da Smith & Wesson Governor, aka ce masa ai wannan ba sai ka iya saiti ba, ka juya bakinta wajen ƙofa kawai ka ja kunama. Yana son sanin wacce zai ɗauka, kuma ko zai iya tafiya da ita a mota.

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya tsare mana iyali ya kiyaye na gaba. Na daɗe ina koyar da harbi a nan Amurka kuma irin wannan bindigar ta sha ratsa hannuna, dan haka zan gaya maka tsakani da Allah. Maganar nan ta ba sai ka saita ba, dan Allah ka fitar da ita daga ranka tun yanzu, ita ce maganar da ta fi damuna a duk saƙon naka, domin uwargida za ka bar wa bindigar nan kuma ranar da za ta buƙace ta kana can wata jihar.

Bari mu fara da ita kanta bindigar. Libarba ce mai ganga mai juyawa kamar kowace libarba, sai dai gangar tata doguwa ce sosai saboda a samu wajen zura harsashin shotgan, wato bindigar farauta mai watsa ƙwayoyi, mai lamba .410, kuma rami ɗaya ne yake cin wannan harsashin da kuma harsashin .45 Colt, wanda tsoho ne tun wajen 1873. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun 1856 wani mutumin New Orleans mai suna LeMat ya yi libarba mai harbi tara da bututun shotgan a tsakiya, an yi yaƙin basasar Amurka da ita. Amma wadda ta cika kasuwa ita ce ta kamfanin Taurus na Brazil da ta fito 2006, da farko lamba ce sunanta, 4410, daga baya da shugabannin kamfanin suka ji wasu alƙalai a Miami suna sayenta dan kare kansu a kotu sai suka raɗa mata Judge, wato alƙali. Harbi biyar take yi. Smith & Wesson suka biyo baya da Governor a 2011, ita harbi shida, kuma ta ƙara cin harsashi na uku, .45 ACP.

To ga inda sirrin yake, kuma mai shago ba zai tsaya ya yi maka wannan bayanin ba. A Amurka akwai dokar tarayya ta 1934 da ta sa tsauri a kan shotgan mai bututun da bai kai inci 18 ba, haka ma ƙaramar bindigar hannu mai sumul ɗin bututu, dole sai an yi mata rajista ta musamman. Dan bindigar nan ta shiga shago a sayar maka da ita a matsayin fistol na yau da kullum, dole aka yi wa cikin bututunta tsaga mai murɗewa, irin zaren cikin noti, wanda aikinsa shi ne ya juya harsashi ɗaya ya tafi miƙe. Ga dunƙulen harsashi wannan alheri ne. Ga ƙwayoyin shotgan kuwa masifa ce, saboda suna fitowa suna juyi sai su watse gefe gefe kamar ka watsa gero da faifai, tsakiya ta zama fayau. Su kuma masu ƙerawa sun san haka shi ya sa ba su zurfafa tsagar ba, to kaga an rage wa .45 ɗin nata ke nan. Ƙari a kan haka harsashin .45 gajere ne a cikin dogon rami, sai ya yi tsalle a fili kafin ya kama tsagar. Taura biyu ba ta taunuwa Malam, an tauye wannan an tauye wancan dan su zauna gida ɗaya.

Gani ya kori ji, ga abin da nake nuna wa duk wanda ya zo min da irinta. Ina kafa kwali mai zanen ƙirjin mutum, in ce ya zuba harsashin tsuntsu, wato mai ƙananan ƙwayoyi masu yawa irin lamba 6 ko 7 da rabi. A yadi uku abin sha'awa, kwalin ya yi kaca-kaca, mutum sai ya ji ai shikenan an gama. In ja kwalin zuwa yadi bakwai, tsawon falo da koridonsa ke nan, sai ka ga ƙwayoyin sun bazu har sun fita daga zanen, wasu a kafaɗa wasu a iska, tsakiyar ƙirjin 'yan ɗigo ɗigo ne kamar an yayyafa barkono. Akwai wani dattijo da ya zo da matarsa, ta sa yatsa tana ƙirga ramukan da suka fita waje, ta juyo ta ce masa to waɗannan ina suka tafi? Tambayar da ya kamata ka yi wa kanka ke nan, domin bangon cikin gidajen nan kwali ne da alli, ba bulon siminti irin na gida ba, kuma ɗakin yara yana bayansa.

Kuma ko waɗanda suka samu ɗin ba sa shiga. Hukumar FBI bayan musayar wutar da aka yi a Miami a watan Afrilun 1986, inda aka kashe jami'anta biyu, ta zauna ta fitar da ma'auni, harsashin da za a dogara da shi ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin jel ɗin gwaji mai kama da naman jiki. Harsashin tsuntsu daga bututu mai inci uku ko kusa da nan ba ya zuwa, 'yan inci kaɗan ne ya tsaya, balle mutum yana sanye da jaket mai kauri. Zai yi mummunan rauni a fata, zai iya makantar da mutum, kuma a gaban shari'a harbi ne na kisa kamar kowane harbi, amma tsayar da wanda ya afko da niyya ba abin dogaro ba ne. Dan haka masu cewa a sa na tsuntsu a rami na farko wai gargaɗi, ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. In ba a kai matakin da rai ke cikin haɗari ba, ba a harbi sam. In kuma an kai, harbin farko shi ne wanda ka fi samun natsuwar yinsa, me zai sa ka ɓata shi.

Wanda yake aiki a cikin na .410 shi ne bokshot mai sifili uku. Ƙwayoyi ne manya, kowace faɗinta inci 0.36, kusan milimita 9 ke nan, nauyinta wajen giram huɗu da rabi. Kamfanin Federal yana yin wanda aka tsara musamman dan waɗannan libarbobin, ƙwaya huɗu a kwanso mai inci biyu da rabi, biyar a mai inci uku, an jera su ɗaya bayan ɗaya an lulluɓe su da tagulla dan kar su lotse. Wannan kam yana haɗuwa, a yadi bakwai sau da yawa nakan rufe ramukan huɗu da tafin hannuna. To amma ka lura da abin da wannan yake nufi, in tafin hannu ya rufe su, wanda ya kauce da taƙi ɗaya ya kauce gaba ɗaya. Ina batun ba sai ka saita ba? Harsashin da yake watsuwa ba ya shiga, wanda yake shiga ba ya watsuwa, duk ta inda ka ɓullo sai ka koyi saiti.

Akwai kuma masu haɗe-haɗe. Winchester PDX1 yana da fayafayai uku da ƙananan boris 12 a kwanso mai inci biyu da rabi, fayafayan suna tafiya tare amma boris ɗin su ne dai masu yawon nan. Kamfanin Hornady suna da mai dunƙule ɗaya a gaba da ƙwallaye biyu a baya, shi ya fi min wancan tsari saboda abu uku ne kacal zaka ba da lissafinsu. Dunƙulen .410 na farauta kuwa kar ka wahalar da kanka, siriri ne a bututun da aka yi dan .45, faɗinsa bai cika ramin ba, kuma bai kai rabin nauyin harsashin .45 Colt ba. In dunƙule ɗaya kake so ai ga .45 Colt ɗin nan mai rami a baki, shi ne ma abin da ni zan zuba in an ce lallai sai na kwana da wannan bindigar. Sai dai ka ga inda maganar ta kai mu, in .45 zaka zuba to ka sayi ƙatuwar bindiga mai doguwar ganga dan ta yi aikin da libarba ta gari za ta yi fiye da ita.

Kar kuma sunan shotgan ya ruɗe ka. Shotgan na gaske mai lamba 12 yana fitar da ƙwaya tara na bokshot mai sifili biyu daga bututu mai inci 18 ko fiye, an kafa shi a kafaɗa, albarushin ya samu wajen ƙonewa. Ita .410 ita ce autar shotgan da ake sayarwa ko'ina, sannan aka zo aka gutsure mata bututu zuwa inci biyu ko uku, wani kaso na albarushin a waje yake ƙonewa, shi ya sa in ka harba da daddare wuta ce bal a gabanka da ƙara mai toshe kunne.

Yanzu batun uwargida, wanda shi ne ainihin tambayar taka ko da baka faɗa haka ba. Governor nauyinta wajen giram 840 ba harsashi, Judge ta ƙarfe ma kusan haka, kuma nauyin a gaba yake saboda gangar. Kunamar libarba in ba a ɗaga guduma ba, wato ƙarfen bayanta da ke dukan harsashi, tana da tauri, ana maganar fam goma zuwa sha biyu na ja, yatsa ɗaya zai yi wannan aikin yayin da hannu ke rawa. Na ga mata da yawa, da maza ma wallahi, da in suna ja sai bakin bindigar ya nutse ƙasa hagu kafin ta tashi. Ga shuri, wato yadda bindiga ke tokaro baya in ta tashi, bokshot a ƙaramar Judge irin su Public Defender yana dukan tafin hannu sosai, wanda kuma bindiga ta ba shi tsoro ranar farko ba zai koma filin koyo ba. Sannan harbi biyar ne ko shida. Sake zubawa a hankali ne, kwanson roba yakan kumbura ya maƙale a rami bayan harbi, na taɓa tsayawa da wani ɗalibi muna dukan sandar fitar da kwanso da tafin hannu har sau uku kafin su zubo, a fili da rana tsaka ba wanda ke bin mu. Wani harsashin yana yin haka wani ba ya yi, sai ka gwada a taka bindigar kafin ka sani.

To in ka ce duk ka ji amma ranka na kanta, tsakanin biyun fa? Ni Governor zan nuna maka in aljihu zai ɗauka, dan ta fi tsada sosai. Dalilina ba sunan kamfani ba ne, harbi shida ne maimakon biyar, sannan tana cin .45 ACP da ake jerawa a wani ɗan faranti na ƙarfe a zura shida lokaci ɗaya a fitar da su lokaci ɗaya, kuma .45 ACP ya fi .45 Colt da .410 na tsaro sauƙin samu da sauƙin kuɗi, ma'ana za ku iya yin atisaye da yawa. A na .410 kuwa, Governor kwanso mai inci biyu da rabi kawai take ci. Judge kuma tana da iri iri, akwai mai ganga ta inci biyu da rabi akwai ta inci uku, akwai bututu gajere akwai mai inci shida da rabi, har da babbar yayarsu Raging Judge mai cin .454 Casull wadda ba ta da wani aiki a ɗakin kwana. In Judge ce ka ɗauki ta ƙarfe mai bututu inci uku, nauyin yana shanye shurin, ka bar marasa nauyin nan. Ganga mai inci uku ƙwaya ɗaya ta ƙara maka, ta ƙara tsawo da shuri, ban ga ribar ba.

Abubuwa uku da ba a wasa da su a kowacce. Kar a tura kwanso mai inci uku a ramin inci biyu da rabi. Kar a sa .45 Colt mai zafin nan da ake rubuta wa cewa na manyan bindigogin farauta ne kawai, ka karanta kwalin ka karanta littafin bindigar. Sannan tsakanin ganga da bututu akwai 'yar tazara da wuta ke fita ta gefe, babban yatsan hannun hagu kar ya je wajen, yana tsaga fata.

Ban ce bindigar banza ba ce fa. Inda ta yi fice shi ne gona da daji. Wanda ke da fili a wajen gari a Texas, ga maciji mai ƙararrawa a wutsiya ga masu zama bakin ruwa, harsashin tsuntsu a taku biyu uku yana gama da maciji nan take, kuma a ganga ɗaya ka ajiye .45 saboda abin da ya fi maciji. A wannan aikin ina yabonta. Ko da yake ko nan ɗin akwai harsashin maciji na kamfanin CCI da ake sa wa libarba .38 ta gari.

In ni ne kai, ga yadda zan yi. Ranar da kake gida ka ɗauki uwargida ku je filin harbi mai ba da hayar bindiga, ku nemi malami ko malama na awa ɗaya, ta harba libarba .38 mai bututu inci huɗu, ta harba fistol 9mm matsakaici irin Glock 19 mai cin 15, in suna da Judge ko Governor ta harba ita ma da bokshot ɗin gaske ba na tsuntsu ba. Kwali ɗaya kowace bindiga, yadi biyar da yadi bakwai, harbi biyar biyar. Ku jera kwalayen a ƙasa ku duba. Wadda ta fi haɗa mata rami a tsakiya kuma ta ce zata iya sake harbawa ba fargaba, ita ce bindigar gidanku, ko da ba ita ce ta burge ka a shago ba. Mafi yawan waɗanda na yi wa haka 9mm ko .38 suke komawa. Kuma in ita ta ce ba ta son bindiga a hannunta sam, ka saurare ta, ka sa kuɗin a ƙofa mai ƙarfi da dogayen kusoshi a jikin firem, fitila mai kunna kanta a waje, kyamara da ƙararrawa, waɗannan suna aiki ko kana Oklahoma.

Yara biyu ka ce. Kafin bindiga ta shigo gidan akwatin ƙarfe mai lambobi ya riga ta shigowa, irin wanda ake buɗewa da yatsu cikin daƙiƙa biyu a gefen gado, a ɗaure shi da kusa. Saman kwaba da ƙarƙashin katifa ba maɓoya ba ne, yaro ya san gidan fiye da kai, kuma libarbar da aka ajiye a shirye da harsashi an ja kunama kawai sai ta tashi. A Texas barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta laifi ne a doka. Sannan fiye da rabin mutuwar bindiga a ƙasar nan mutane ne ke kashe kansu, in akwai wanda ke cikin damuwa mai tsanani a gidan, ko baƙo ko ɗan riƙo, wannan ma abin dubawa ne kafin a saya. A ajiye tocila mai haske tare da ita, ba a harbin inuwa ko motsi, musamman kai da kake dawowa gida ƙarfe uku na dare ba sanarwa, ku yi yarjejeniya kana kira kafin ka sa makulli.

Batun tafiya da ita a mota kuwa a nan ne zaka yi taka-tsantsan sosai. Texas tun Satumban 2021 wanda ya cika sharuɗɗa yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga ba lasisi, amma wannan iyakarsa Texas da jihohin da suka yi irin dokar. Kalifoniya tana lissafa Judge da Governor a matsayin gajeren shotgan, haramun ne mallakarsu a can, kaga direban da lodi ke kai shi Los Angeles wannan ita ce bindigar da ta fi kowacce rashin dacewa da shi. New York da New Jersey su ma ba sa wasa da kowace irin fistol. Ka nemi lasisin Texas ɗin duk da ba dole ba ne, jihohi da dama suna karɓarsa kuma ajin yana koyar da dokar yaushe ake harbi yaushe ba a yi, sannan ka duba ƙa'idar kamfanin da kake ja wa, da yawansu sun hana. Wajen saye a shago sai ka kai 21, ka cike fom 4473 a bincika sunanka, mai girin kad, wato takardar zaman dindindin, yana iya saye, mai bizar ziyara ko karatu galibi an hana shi, kar kuma ka yarda wani ya saya maka da sunansa ko kai ka saya wa wani, wannan ɗaurin tarayya ne. 'Yan uwa da ke karantawa daga Najeriya kuma, dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai da sai da izinin shugaban ƙasa, dan haka kar wani ya ce a saƙo masa ɗaya a kwantena ko a cikin mota.

In kun je filin kun dawo ka turo min hoton kwalayen nata, ka rubuta nisan da sunan harsashin a jikin kowanne, sai mu duba tare. Ka gaida uwargida da yaran.